Ɗanku na aikin asibiti a ƙasar waje: me zai faru idan arzikin ƙasar ya karye?



Kwanakin baya, a zagayen awon jini da muke yi gida-gida, na tarar da wata dattijuwa mai sayar da atamfa jininta ya hau ƙwarai. Na san ta da kiyaye magani, shi ya sa abin ya ba ni mamaki. Na ce, "Hajiya, ina maganin naki?" Ta yi shiru, can ta ce, "'Yar nan, wata uku ke nan yaron bai aiko ba." Ɗan nata ma'aikacin jinya ne a wata ƙasa, shi ke sayen maganin tun da ya tafi. Asibitin da yake yi wa aiki ya daina biyan albashi a kan kari. Shi kunya ta hana shi faɗa, ita kuma kawaici ya hana ta tambaya. Tsakanin kunyarsa da kawaicinta, saura ƙiris shanyewar ɓarin jiki ta same ta.

Wannan ne ya sa na zaɓi darasin nan. Gidaje da yawa a cikinmu suna da ɗa ko 'ya mai aikin lafiya a waje: nas, ungozoma, mai awon jini da fitsari, mai harhaɗa magani, wani lokaci likita. Wasu suna kusa, a Yamai, Abijan, Kumasi ko Kano. Wasu sun yi nisa, Saudiyya, Faransa, Ingila. Wasu gidajen kuma yanzu suke tara kuɗin tafiya. Ya kamata kowa ya san yadda aikin nan yake idan ƙasar da aka je ta shiga matsin tattalin arziki.

Maganar da ake yi a kasuwa

Ana yawan cewa ma'aikacin lafiya ba ya rasa aiki, tun da ciwo ba ya ƙarewa. Akwai gaskiya a ciki. Lokacin da arzikin Amurka ya karye a 2008 da 2009, miliyoyin mutane sun rasa aikinsu a masana'antu da gine-gine, amma yawan ma'aikatan lafiya ƙaruwa ya yi. Sai dai a wannan lokacin ne gwamnatin Ayalan ta dakatar da ɗaukar ma'aikata a 2009, har da na asibiti, Girka kuma ta zabtare albashi da kasafin lafiya. Marasa lafiya suna nan cike da gadaje, kuɗin biyan masu jinyarsu ne ya yi ƙaranci.

Ku 'yan kasuwa kun fi kowa gane wannan. Mai buƙatar kaya daban, mai kuɗin saye daban. Saboda haka tambayar farko da za a yi game da kowane aikin asibiti ita ce: daga aljihun wa albashin yake fitowa? Daga baitulmalin gwamnati, ko daga ribar asibiti mai zaman kansa, ko daga tallafin wata ƙungiya? Tambaya ta biyu: takardar zaman ma'aikacin a ƙasar, tana tsaye da ƙafarta ne, ko a jikin aikin take rataye? Ɗan ƙasa idan ya rasa aiki, aiki kaɗai ya rasa. Baƙo kuwa sau da yawa yakan rasa aiki da masauki da izinin zama a rana ɗaya.

Abin da iyayenmu suka gani

Hausawa sun ce baƙo raɓa ne, kuma mutanen zango sun san ma'anar wannan tun kafin a haife mu. A watan Nuwamba na 1969 gwamnatin Kofi Busia ta Gana, tana fama da rashin aikin yi, ta ba baƙin da ba su da takarda mako biyu su fice. A watan Janairu na 1983, bayan farashin man fetur ya faɗi, gwamnatin Shehu Shagari ta yi irin haka a Nijeriya, mutane wajen miliyan biyu suka fita, kusan rabinsu 'yan Gana. Akwai abin lura a nan: masu sana'ar hannu da ƙwararru, ciki har da ma'aikatan jinya da malaman makaranta, an ƙara musu wa'adi zuwa ƙarshen Fabrairu. Wato sana'a ta saya musu 'yan makonni, amma ba ta zama madadin takarda ba.

A Kwaddibuwa, inda 'yan Burkina suka fi yawa, a farkon shekarun 1990 ne, lokacin da farashin koko ya zube, aka ɗora wa baƙi katin zama na kuɗi. Da yaƙi ya ɓarke a 2002, gwamnatinmu ta aika motoci kwaso mutane a shirin da aka kira Bayiri. Da yawa daga cikin masu karanta wannan takarda sun tarbi 'yan'uwa a lokacin, wasu da kayan jikinsu kawai.

Saudiyya da sauran ƙasashen mai

A nan zan ɗan tsaya, domin nan ne zukatan mutanenmu suka fi karkata, saboda addini da kuma albashi. Tun daga shekarun 1980, lokacin da Nijeriya ta shiga shirin tsuke bakin aljihu a 1986, likitoci da ma'aikatan jinya na Afirka ta Yamma suke kwarara can.

Arzikin ƙasar a kan mai yake. A tsakiyar 2014 gangar ɗanyen mai ta haura dalar Amurka 100. A watan Janairu na 2016 ta faɗo ƙasa da 30. Gwamnati ta jinkirta biyan 'yan kwangila, su kuma suka daina biyan ma'aikata. Dubban baƙi na manyan kamfanonin gine-gine sun yi watanni babu albashi, kamfanin Saudi Oger ma rufewa ya yi a 2017. Abin bai tsaya a kan magina ba. A 2016 ma'aikatan wani babban asibiti mai zaman kansa a garin Kobar, likitoci da nas-nas, sun ajiye aiki saboda an yi watanni ba a biya su ba, a ƙasar da yajin aiki ba abin wasa ba ne.

Daga nan aka shiga neman kuɗin shiga daga jikin baƙi. A watan Yuli na 2017 aka sa haraji a kan iyalin da baƙo ya ajiye: riyal 100 kowane wata a kan kowane mutum, yana ƙaruwa shekara-shekara har ya kai riyal 400 a 2020. Mai mata ɗaya da 'ya'ya uku, riyal 1,600 ke nan duk wata kafin ya sayi ko buhun shinkafa. Mutane da yawa a lokacin suka maido iyalansu gida. Ga kuma tsarin Nitaƙat, wanda aka fara a 2011, mai tilasta wa kamfanoni ɗaukar 'yan ƙasa. Daga 2020 an sa kaso na 'yan ƙasa a aikin harhaɗa magani da likitancin haƙori. Ba laifinsu ba ne, kowace gwamnati nata take fara dubawa. Amma ma'anarsa ita ce kwantiragin baƙo na shekara ɗaya ko biyu yana iya ƙarewa a ƙi sabunta shi, ba tare da ya yi laifin komai ba.

Akwai haƙƙin da ya kamata kowa ya sani. Dokar ƙwadago ta Saudiyya ta tanadi kuɗin sallama: rabin albashin wata a kan kowace shekara cikin shekaru biyar na farko, sannan cikakken albashin wata a kan kowace shekara bayan haka. Misali, mai albashin riyal 4,000 da ya yi shekara bakwai: biyar na farko riyal 10,000, biyun ƙarshe riyal 8,000, jimla riyal 18,000. Idan shi ya ajiye aikin da kansa kafin ya cika shekara goma, ana iya rage masa. Shi ya sa idan ɗanku ya kira cikin ɓacin rai yana cewa gobe zai ajiye aiki, ku ce masa ya nemi shawarar wanda ya san doka tukuna, kada kuma ya sa hannu a takardar cewa an biya shi duk haƙƙinsa alhali ba a biya ba. Haka nan doka ba ta yarda mai gida ya riƙe fasfon ma'aikaci ba, ko da yake wasu suna yi.

Turai

A Ingila an buɗe bizar ma'aikatan lafiya a 2020, aka shigar da masu kula da tsofaffi cikinta a watan Fabrairu na 2022. Mutane suka yi tururuwa daga Nijeriya da Gana, dillalai kuma suka samu kasuwa. Abin bai daɗe ba. A watan Maris na 2024 aka hana masu kula da tsofaffi zuwa da iyali. Gwamnatin ƙasar ta ce daga Yuli 2022 zuwa Disamba 2024 ta soke lasisin kamfanoni fiye da 470 a wannan fanni, abin da ya shafi ma'aikata fiye da 39,000. A watan Yuli na 2025 aka rufe ɗauko sababbin masu kula da tsofaffi daga waje. Wanda kamfaninsa ya rasa lasisi, yawanci kwana 60 ake ba shi ya sami wani mai ɗaukar nauyinsa ko ya bar ƙasar. Kwana sittin, ga kuɗin haya, ga bashin da aka ci a gida don tafiyar.

Ku lura, mai kula da tsofaffi daban, nas mai rajista daban. Nas sai ya ci jarrabawar Turanci da ta aiki, hukumar ma'aikatan jinya ta ƙasar ta yi masa rajista. Mai wannan rajista ya fi tsayuwa da ƙafarsa, domin ko asibiti ɗaya ya sallame shi, takardar tasa ce, yana iya nema a wani.

Faransa kuwa, duk da harshe ɗaya muke karatu da shi, ba ta karɓar takardar jinya ta ƙasashenmu a matsayin tata. Sai mutum ya koma makarantarsu ya sami tasu. Likitocin da suka yi karatu a wajen Tarayyar Turai kan yi shekaru suna aiki da izinin wucin gadi da ƙaramin albashi kafin su ci jarrabawar tantancewa. Duk dillalin da ya ce muku 'yarku mai takardar ENSP za ta sauka Faris ta kama aikin nas kai tsaye, ku riƙe kuɗinku.

Wani abu kuma: Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da jerin ƙasashe 55 a 2023 waɗanda ke da ƙarancin ma'aikatan lafiya, Burkina Faso da Nijar da Mali da Nijeriya da Gana duk suna ciki. Ƙa'idar Ingila ta hana asibitocinta zuwa farautar ma'aikata a waɗannan ƙasashe, ko da yake mutum yana iya neman aiki da kansa. To wanda ya zo Wagadugu yana tara kuɗi da sunan asibitocin gwamnatin Ingila, da wane izini ya zo?

Aikin yana nan, kuɗin ya narke

Wannan ita ce asarar da ba a gani da ido. Manya suna tuna ranar 12 ga Janairu, 1994, da aka wayi gari sefa ta rasa rabin darajarta: faran ɗaya na Faransa da ake saya sefa 50 ya koma 100. Magungunan da ake shigowa da su suka yi tashin gwauron zabo. A wancan karon mai aiki a Faransa ne ya ci riba, na gida ya sha wuya.

Yanzu abin ya juya ga masu aiki a maƙwabta. A farkon 2023 dalar Amurka tana wajen naira 460 a farashin gwamnati. Bayan an saki naira a watan Yuni na shekarar, kafin ƙarshen Fabrairu 2024 ta haura 1,500. Ku ɗauki nas mai albashin naira 230,000. Da farko dala 500 ke nan; daga baya bai fi dala 150 da 'yan kai ba. Ba a kore shi ba, ba a rage masa ko kwabo ba, amma abin da zai iso Wemtenga idan an canja shi zuwa sefa bai kai kashi ɗaya cikin uku na da ba. Gana ma ta ga haka a 2022, inda hauhawar farashi ta wuce kashi 50 cikin 100 a watan Disamba. Masu zuwa sarin kaya Kano da Kumasi ba sa buƙatar in yi musu bayani. Sefa a ɗaure take da yuro, 655.957 a kan yuro ɗaya tun 1999, riyal kuma a ɗaure da dala, 3.75. Naira da sidi kuwa kasuwa ke juya su. Saboda haka idan aike ya ragu, kafin a ce yaro ya canja hali ko matarsa ta mallake shi, a fara tambayar ɗan canji.

Aikin ƙungiyoyi

Wannan ya fi kusa da mu, har da ni mai rubutu. 'Ya'yanmu da yawa suna aiki da ƙungiyoyin agaji a Nijar, Mali, Cadi da arewacin Nijeriya, albashinsu ya fi na gwamnati. Amma aikin shiri ne mai wa'adi, kuma kuɗinsa daga majalisun wasu ƙasashe yake fitowa. Ranar 20 ga Janairu, 2025, shugaban Amurka Donald Trump ya dakatar da tallafin ƙasashen waje na kwana 90, kafin Yuli kuma an rushe hukumar USAID. Ingila da wasu ƙasashen Turai su ma sun rage nasu. Shirye-shiryen ƙanjamau da tamowa da zazzaɓin cizon sauro suka tsaya a wurare da yawa, ma'aikata suka sami takardar sallama. Na san abokan aikin da suka karɓi bashin banki bisa albashin shiri, shirin ya rufe, bashin bai rufe ba.

Ga masu aiki a ƙasashen yankinmu, akwai batun takardu. Burkina da Mali da Nijar sun fita daga CEDEAO ranar 29 ga Janairu, 2025. Ƙungiyar ta ce a ci gaba da barin 'yan ƙasashen uku su yi zirga-zirga da zama kamar da, har sai an yanke wata shawara. Abin da aka ce "har sai" a kansa yana iya canjawa. Mai aiki a Gana ko Nijeriya ya tabbata takardar zamansa da rajistar aikinsa suna da rai. UEMOA kuwa, wadda hedikwatarta ke nan Wagadugu, muna cikinta har yanzu, kuma tun 2005 tana da ƙa'idar da ta ba likitocin ƙasashenta damar aiki a junansu, muddin sun yi rajista da hukumar likitocin ƙasar da suka je.

Kafin a tafi

Ba ina hana kowa tafiya ba ne. Albashinmu na nan kowa ya san shi, kuma da kuɗin waje aka gina gidaje da yawa a unguwar nan, aka yi wa ƙanne makaranta. Amma hangen Dala ba shiga birni ba ne.

A ga kwantiragi a rubuce kafin a biya ko dala ɗaya, a kai wa wanda ya iya harshen ya karanta. A duba wa'adinsa, da kuɗin ƙasar da za a biya albashi da shi, da wanda zai biya tikitin dawowa, da tarar da aka sa wa wanda ya bar aiki kafin lokaci. Wannan tara ita ce igiyar da ake ɗaure mutane da ita, kuma a ƙananan haruffa ake ɓoye ta. A nemi sunan asibitin kansa, a nemi wani da ke aiki a cikinsa a tambaye shi ko ana biya a kan kari.

Ma'aikacin gwamnati kada ya sulale ya tafi. Ya nemi izinin ajiye aiki na wani lokaci ba tare da albashi ba, wanda dokar ma'aikata ta tanada. Wanda ya tafi babu izini, korarsa za a yi, ya rufe wa kansa ƙofar dawowa. Ya bincika matsayin shekarunsa a CARFO, ko a CNSS idan ma'aikacin asibiti mai zaman kansa ne. Ya ci gaba da biyan kuɗin rajistarsa a hukumar ma'aikatan jinya ko ta ungozomomi ta gida. Kuɗi kaɗan ne, amma shi ne zai ba shi damar kama aiki ranar da ya sauka. Takardun makaranta na asali kada su shiga hannun dillali. A yi kwafinsu a buga musu hatimin hukuma, a bar kwafi a gida, a ɗauki hotonsu a waya. Idan an isa, a yi rajista a ofishin jakadanci.

Maganar da ta fi nauyi ita ce ta jari. Na ga an sayar da fili, na ga an sayar da rumfa, don a biya kuɗin tafiya. A ganina wannan kuskure ne babba, ko da aikin na gaskiya ne. Rumfar ita ce abin da gida zai koma kansa ranar da aike ya tsaya, kuma ita ce za ta karɓi yaron idan ya dawo hannu rabbana. Guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni. Idan tafiyar ba za ta yiwu ba sai an sayar da abin da ake ci da shi, a jinkirta ta.

Ga waɗanda nasu suka riga suka tafi

A lokacin da aike yake zuwa daidai ne ake shiri. Ma'aikacin ya ajiye abin da zai riƙe shi wata uku da kuɗin tikiti a inda hannunsa zai kai, kuma iyaye su yarda da wannan ajiya, kada su ɗauke ta rowa. A gida kuma a raba buƙatu. Biki da suna da ɗinkin Salla suna iya jira. Kuɗin makaranta ana iya roƙon a biya kashi-kashi. Maganin hawan jini, da na ciwon suga, da na farfaɗiya, da na asma, ba sa jira. Mai irin wannan ciwo ya ware kuɗin maganin wata biyu ko uku daga cikin aike, ko ya shiga adashe saboda shi kaɗai. Idan kuɗi ya yanke, kada a raba ƙwaya biyu don ta daɗe, kada a koma maganin bakin titi. A zo CSPS a faɗa wa ma'aikaci gaskiya. Sau da yawa akwai irin maganin marar sunan kamfani a ɗakin maganin asibiti, aikinsu ɗaya, kuɗinsa bai kai ba. Ku tuna kuma tun 2016 kula da mata masu ciki da yara 'yan ƙasa da shekara biyar kyauta ne a asibitocin gwamnati, maganin ƙanjamau da na tarin fuka su ma kyauta ne.

Sai kuma shi wanda yake can. Mutumin da ya yi wata uku babu albashi, yana kwana yana jinyar wasu, wayarsa kuma cike da saƙon "yaushe za ka turo", yana cikin hatsari. Idan kuka ji muryarsa ta canja, ba ya barci, ya daina ɗaga waya, ko yana maganar ya gaji da duniya, kada ku ɗauka wasa ne. Uwa ko uba su kira shi ba don kuɗi ba, su ce masa a fili ƙofar gida a buɗe take, dawowa ba abin kunya ba ne. A nemi wani ɗan'uwa ko limamin mutanenmu a garin ya je ya gan shi ido da ido, a kuma sa shi ya ga likita. Tsoron abin da unguwa za ta ce ya sa wasu sun zauna bayan bizarsu ta mutu, daga nan aikin asibiti ya gagare su, sai aikin ɓoye.

Hajiyar da na faɗa muku, mun koma da ita CSPS a ranar, aka canja mata magani zuwa mai sauƙin kuɗi wanda cinikin rumfarta zai iya ɗauka. Da dare ta kira ɗan nata, ta riga shi magana, ta ce ta san halin da ake ciki. Har yanzu yana can yana bin albashinsa, takardunsa na hannunsa. Awonta na makon jiya ya sauko.